Maƙalar Bincike Ba Tatsuniya Ba Ce

Ɗalibin da ya baro sakandare ya shiga jami'a yakan tarar da wani irin rubutu da bai saba da shi ba, watau maƙalar bincike da masana ke bugawa a mujallun ilmi. Ya saba da littafin aji, wanda ke ba shi magana gamammiya ya haddace. Ita kuwa maƙala da'awa ce: wani ya ce ya gano abu, ya kawo hujjarsa, yana jiran a auna ta. Sau da yawa ba a koya wa ɗalibi wannan awon sai ya kai shekarar ƙarshe, kundin digiri ya taso masa, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Irin waɗannan mujallu sun soma fitowa a 1665, ɗaya a Faris, ɗaya a Landan. Da fari maƙalun sun fi kama da wasiƙu, sai a ƙarni na 20 suka zauna a kan siga guda. A 1965 wani masanin ƙididdigar lafiya na Ingila, Austin Bradford Hill, ya taƙaita sigar da tambayoyi huɗu: dalilin soma aikin, abin da aka yi, abin da aka samu, da kuma ma'anarsa. Su ne gabatarwa, hanyar bincike, sakamako da tattaunawa. Wanda ya san haka ba ya bin maƙala daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. Yakan duba tsakure, ya leƙa jadawalai, sa'an nan ya zauna a kan hanyar bincike, sashen da ɗalibai suka fi tsallakewa domin ba shi da daɗin karatu.

Ga abin da tsallake shi ke jawowa. A 1998 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa, wadda ta jefa zargi a kan allurar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus, cewa wataƙila tana da hannu a lalurar otizim, wadda ke wahalar da yaro wajen magana da cuɗanya da mutane. Mai karatun da aka horar zai fara tambaya: yara nawa aka duba? Su 12 ne kacal. Ta yaya aka zaɓo su? Ba a tsamo su daga cikin jama'a bisa ƙa'ida ba. Ina rukunin yaran da ba a yi wa allurar ba, don a gwada? Babu. A kan me aka dogara wajen danganta ciwon da allurar? Galibi a kan abin da iyaye suka ce sun tuna. Ita kanta maƙalar ta faɗa cewa ba ta tabbatar da alaƙa ba, amma jaridu suka ɗauki zargin suka bar wannan.

Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko daga sama da kashi 90 cikin 100 zuwa wajen kashi 80 a 2003, ƙyanda kuma ta dawo. Wani bincike da aka yi a Danmak a kan yara fiye da 500,000, aka buga a 2002, bai ga wata alaƙa ba. Sai a 2010 The Lancet ta janye maƙalar, aka kuma soke sunan Wakefield daga rajistar likitoci. Gaskiya ne, maguɗin da aka bankaɗo daga baya ba a iya ganinsa daga karatu kawai. Amma raunin aikin yana nan a fili tun ranar farko. A ganina, malamin da ya ba ɗalibansa waɗannan maƙalu biyu su gwada su a aji ya fi wanda ya yi zango guda yana karanto musu ma'anar bincike.

Rubutu kuma daga irin wannan karatu yake tsirowa. John Swales, wanda ya koyar da Turancin kimiyya a Jami'ar Khartum kafin ya ƙare a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya nazarci gabatarwar maƙalu masu yawa, ya nuna a littafinsa na 1990 cewa marubuta kan yi taku uku: su bayyana fagen da abin da aka riga aka sani, su nuna giɓin da ya rage, sa'an nan su faɗi yadda aikinsu zai cike shi. Taku na biyu shi ne ke gagarar sabon shiga. Za ka ga babin bitar ayyukan magabata cike da wane ya ce, wance ta ce, shafi goma, ba tare da an nuna inda suka saɓa ko abin da suka bari ba. Daga nan zuwa kwafe aikin wani ba nisa.

Malamin sakandare ma yana da rabonsa. In ɗalibai sun shuka wake a gwangwanaye don gwada amfanin taki, to, a sa su rubuta rahoto bisa tambayoyin nan huɗu, su faɗi gwangwani nawa, wanne aka bari ba taki, ruwa nawa aka zuba. Sa'an nan a miƙa rahoton ga wani rukuni, a ce su maimaita gwajin da abin da ke rubuce kawai, ba tare da sun tambayi masu shi kome ba.