Ƙaramar wayarka ta isa ta nuna maka hanya a kan babur, amma da sharaɗi

Yau maganar taka ce, kai da babur ya zame maka ƙafa: mai kai saƙon kaya da abinci a cikin gari, ɗan kabu-kabu, ɗalibi, ko mai bin kasuwannin ƙauye. Sau nawa kwastoma ya ce maka "bayan masallaci, kusa da mai shayi," ka iso ka tarar unguwar masallatai biyar gare ta, kowanne da mai shayinsa? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk zagayen banza da ka yi, daga cinikinka na ranar ake cirewa.

Da yawa daga cikinmu na ganin bin taswira a waya sai mai iPhone ko babbar Samsung. Ba haka ba ne. Wannan itel ko Tecno ɗin da ke aljihunka, ko tsohuwar Android da ka jefa a durowa, ƙaramar kwamfuta ce mai iya sauraron tauraron ɗan'adam. Abin da take buƙata shi ne shiri, sai kuma ka san inda iyakarta take.

Yadda wayar ke gane inda kake

GPS tsari ne na Amurka. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala fara aiki a 1995, sannan a watan Mayun 2000 aka daina rage wa farar hula ingancinsa da gangan. Taurarin wajen 30 ne, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowannensu na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta watso saƙo ba tsayawa: ga inda nake, ga lokacin da na aiko. Wayarka na auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso ta, ta mayar da shi nisa. Da ta ji taurari huɗu, ta gano inda kake. A fili, inda babu abin da ya tare sama, kuskurenta bai cika wuce mita biyar ba. Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin yanzu na sauraron fiye da ɗaya.

Ka lura da wannan, domin nan ne ribar take: sauraro kawai wayar ke yi, ba ta aika komai zuwa sama. Saboda haka GPS ba ya cin data, ba ruwansa da kati, ba ruwansa da sabis. Ko babu layi a cikin wayar zai yi aiki. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, saƙon taurarin nan bai daina saukowa ba. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar kanta, wato tituna da sunayen garuruwa. Idan ka riga ka sauke ta cikin waya, shi ke nan.

Kada ma ka raina ƙananan wayoyin. A shekarun yaƙi da cutar shan inna a Arewa, irin waɗannan wayoyi na Android aka riƙa bai wa ayarin masu riga-kafi. Da yamma a ɗora sawunsu a kan taswira, a ga rugar da aka shiga da wadda aka tsallake. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali.

Sauke taswira tun kana gida

A Google Maps, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga sashen ajiye taswira don amfani ba tare da intanet ba, ka ja akwatin ya rufe yankin da kake aiki, ka sauke. Yi wannan da dare lokacin garaɓasar data, ko inda ka samu wayfai. Taswirar da aka sauke ba za ta nuna maka cunkoso ba, kuma tana da wa'adi, sai ka riƙa sabunta ta. Idan da data kake tafiya, ka zaɓi alamar babur, wadda Google ya kawo Najeriya a 2019. Takan bi da kai ta ƙananan hanyoyin da mota ba ta shiga.

Akwai kuma Organic Maps da OsmAnd. Su biyun daga OpenStreetMap suke ɗibar bayani, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004, kuma tun asali don aiki ba intanet aka gina su. Organic Maps ba ta da nauyi, ta dace da waya mai ƙaramin ƙarfi. Ka ajiye manhaja biyu, domin ƙauyen da ɗaya ta manta, sau da yawa ɗayar ta san shi. Idan wayarka da Maps Go ta zo, ka sani ita da intanet ta dogara, kada ka shiga daji da ita kaɗai.

Mai tsallaka iyaka ma haka. Idan ka bi ta Daura da Kwangwalam za ka Matamaye ko Damagaram, layinka na iya ɗaukewa da ka haye. Sauke taswirar Nijar tun kana Daura.

Kafin ka saya

In a Farm Centre za ka saya, ko hannun wani, kada ka tsaya gwaji cikin shago, rufin kwano na tare saƙon. Fito fili, kashe data, buɗe taswira ka ga ko ɗigon zai zauna inda kake tsaye. Ba tare da data ba, kamun farko kan ɗauki 'yan mintuna, ka yi haƙuri. Sannan ka ɗaga fuskar wayar a rana tsaka, ka ƙure haskenta. Idan ba ka iya karanta rubutu a tsaye, a guje ba za ka ga komai ba.

Ƙananan wayoyi da yawa ba su da kamfas a ciki. Alamar ita ce idan ka tsaya, kibiyar ta rikice, ba ta san inda ka fuskanta ba. Ba lalacewa ba ce. Ka ɗan matsa gaba kaɗan, za ta daidaita kanta daga tafiyarka.

Jijjiga, rana da caji

Babur ba mota ba ne, kuma abu uku ne ke kashe waya a kansa.

Na farko jijjiga. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa jijjigar injin babur na iya lalata kyamarar iPhone, saboda akwai ƙananan sassa masu motsi a cikinta da ke hana hoto rawa. Yawancin wayoyi masu araha ba su da wannan sashe, ka ga nan talaka ya ci riba. Duk da haka ka nemi mariƙin waya mai kama kusurwa huɗu, wanda ake ɗaurewa da noti a kan babur, mai roba a ƙarƙashi. Mai manne irin na gilashin mota, gargadar farko zai watsar maka da waya a kwalta. Ka ƙara da ɗan igiya daga rigar wayar zuwa kan babur, ko da mariƙin ya saki.

Na biyu rana. Yawancin wayoyi an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri na haura 40. Haɗa rana da caji da hasken fuska a ƙure, sai wayar ta dusashe ko ta kashe kanta, a hankali batir ya kumbura. Jakar leda mai zif da ake sayarwa don ruwan sama, a bazara tanda ce. Bar ta sai damina. Ka yi wa wayar ɗan rumfa da kwali ko roba, kuma da ka faka ka cire ta. Batirin da ya kumbura kuwa a canja shi nan take, yana iya kamawa da wuta.

Na uku caji. Taswira da hasken fuska na shan batir kamar ruwa. Batirin babur bolt 12 ne, waya kuma 5 take so, don haka sai da ƙaramar cajar USB ta babur mai rage wutar. Ka kai wa mai rewaya ya haɗa maka ta bayan makulli, yadda in ka kashe babur ita ma ta mutu, kuma ya sa fis. Wanda ya haɗa kai-tsaye da batir, wata safiya zai tashi ya tarar batirin ya sauka. In ba ka son taɓa wayarin, fawa bank a aljihu ya wadatar.

Idonka na kan titi

Yi wannan lissafi. A gudun kilomita 60 cikin awa, kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa. Kallon waya na daƙiƙa uku, mita 50 ke nan ka yi a makance. Cikin mita 50 akwai akuya, akwai yaro, akwai Adaidaita Sahu da ya ci birki babu sigina. Ka saita inda za ka kafin ka tayar da babur. Kunna murya, ka sa abin ji a kunne ɗaya, ɗayan ka bar wa hon. In hanya ta rikice, sauka gefe ka tsaya tukuna. Danna waya a kan tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗura ke kamawa. Hular kwano kuma ba sai an faɗa ba.

Sai ƙwacen waya, wanda ya addabi garuruwanmu. Waya a kan babur a danja ko cikin cunkoso, talla ce. Wannan ma dalili ne na ware mai araha don hanya, babbar da ke ɗauke da manhajar banki ta zauna a aljihun ciki. Da dare, ko a unguwar da ba ka yarda da ita ba, sa ta a aljihu ka bi murya. Idan kuma aka tare ka da makami, miƙa. Ana sake sayen waya.

Abin da taswira ba ta sani ba

Nan ne sharaɗin da na ambata a sama. Manhaja gajeriyar hanya take nema. Ba ta san gadar da ruwa ya cinye a daminar bana ba. Ba ta san ƙaramar hukumar da aka hana hawa babur ko aka sa dokar hana fita ba. Uwa-uba, ba ta san dajin da ba a bi bayan la'asar ba. A fuskar waya, hanyar da ta ratsa dajin Birnin Gwari da titin cikin unguwarku launinsu ɗaya.

Don haka in tafiyar ta bar gari, ka duba hanyar gaba ɗaya tun a gida, ka rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa a takarda. Ka tsaya a tasha ka tambayi direbobi da 'yan kamasho: "Malam, ya hanyar nan take yau?" Idan maganarsu ta saɓa da ta waya, tasu za ka ɗauka. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma zuwan tauraron ɗan'adam bai soke wannan ba. Ka tura wa wani na gida inda kake ta WhatsApp tun da sauran sabis, ka faɗa masa lokacin da kake sa ran isa. Ka haddace 112 ta kiran gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗura.

A cikin gari kuwa, ka koya wa kwastomominka turo wurinsu ta WhatsApp maimakon dogon kwatance. Duk gidan da ka kai saƙo sau ɗaya, ka danna masa alama ka sa suna. Cikin wata uku za ka tara taswirar kwastomominka da babu wanda ke da irinta, kuma da ita za ka riga abokan sana'a isa.

Kafin ka dogara da ita, gwada ta a hanyar da ka sani kamar tafin hannunka. Gobe da safe kashe data, ka bar ta ta kai ka wurin aiki, ka ga inda ta yi daidai da inda ta yi shirme. Allah Ya tsare hanya, sai mun haɗu a mako mai zuwa.