Karatun Aikin Gona A Jami'a

Sau da yawa in aka ce wa mutum ga wani yaro can ya tafi jami'a zai yi shekara biyar yana koyon aikin gona, sai ka ga ya yi dariya, ya ce, "Ashe noma ma sai an je jami'a? Mu da muka gaji fartanya kaka da kakanni, wa ya ba mu takardar shaida?" Wannan tambaya ba ta wauta ba ce, bai kuwa kamata a amsa ta da raini ba. Mu da mu ke shirin zama malaman makaranta, lalle wata rana za a yi mana ita, ko dai uban yaro ya yi, ko yaron da kansa. Saboda haka na ga ya kyautu in ɗan bayyana wa 'yan'uwana abin da a ke koyo a wannan fanni, da yadda a ke shigarsa, da amfanin da ke cikinsa, don kada ran da aka tambaye mu mu tsaya muna 'yan kame-kame.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ko wane manomi na ƙasarmu ya san in ya shuka wake ko gyaɗa a gona bana, baɗi ya zuba dawa a wurin, dawar ta kan fi kyau. Amma in ka tambaye shi dalili, iyakar abin da zai ce, "Ai wake yana gyara ƙasa." Shi ɗalibin jami'a a kan sa shi ya tuge waken, ya dubi saiwarsa, ya ga waɗansu 'yan ƙululai manne da ita. In ya fasa ɗaya ya duba da madubin nan mai girmama abu, sai ya tarar da waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu shi ne su kamo wani sinadari daga iska, wanda a ke kira naitirojin, su mai da shi abincin shuka. Iskar nan da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, amma dawa da gero da masara ba su iya ɗibarsa daga iska, sai sun same shi a cikin ƙasa. Wanda ya fahimci wannan, ya kuma san takin yuriya kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, ba zai ɓarnatar da kuɗinsa yana ɗura wa wake yuriya kamar yadda zai zuba wa masara ba. To, kun ji bambancin. Manomi ya san yadda a ke yi, jami'a kuwa tana koya wa mutum dalilin da ya sa a ke yi. Wanda ya san dalili shi ke iya sake dabara ran da zamani ya juya.

Wannan karatu yana da tarihi a ƙasarmu. A shekarar 1922 aka kafa wurin binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, don a riƙa gwada iri da taki da hanyoyin noma na lardunan Arewa. Jami'a ta farko a Nijeriya an buɗe ta a Badun a 1948, ba a daɗe ba kuwa aka soma koyar da aikin gona a cikinta. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka haɗa mata wurin binciken nan na Samaru, ya zamana masu bincike da masu koyo suna wuri guda. A 1988 aka buɗe jami'o'i biyu musamman domin aikin gona, ɗaya a Makurɗi, ɗaya a Abekuta, aka ƙara ta uku a Umudike a 1992. Jami'o'in Kano da Sakkwato da Maiduguri su ma duk suna da sashen aikin gona.

Wanda ke son shiga, tilas ya gama makarantar sakandare da sakamako mai kyau a darussa biyar, cikinsu har da Turanci, da lissafi, da kemistiri, watau ilmin sinadarai, da ilmin halittu ko na aikin gona. Sa'an nan ya ci jarrabawar shiga jami'a wadda hukumar JAMB ke shiryawa. A nan ne yara da yawa su ke tuntuɓe, gama sun zaci tun da su 'ya'yan manoma ne ba ruwansu da kemistiri, sai ranar cika takarda ta zo su tarar ƙofa a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Karatun kansa shekara biyar ne. Shekarar farko ɗalibi ba ya ko jin ƙanshin gona, sai lissafi da kemistiri da ilmin halittu da makamantansu, don su ne harsashin ginin. A shekara ta biyu da ta uku a kan ɗanɗana masa ko wane reshe. Zai koyi ilmin ƙasa, ya san abin da ya raba jigawa da laka da fadama, da yadda a ke auna tsamin ƙasa da ƙarfinta. Zai koyi ilmin shuke-shuke, da yadda a ke aurar da iri biyu a sami na uku wanda ya fi su. Zai koyi kiwon shanu da tumaki da kaji, da haɗa musu abinci, da cututtukan amfanin gona da ƙwarin da ke ɓata shi. Zai koyi lissafin riba da faɗuwa, da sha'anin kasuwa, da kuma dabarar isar da sabon ilmi ga manoma a ƙauyuka.

Shekara ta huɗu ita ce zakaran gwajin dafi. A yawancin jami'o'i a kan ajiye alƙalami, a shiga gona. Ɗalibi shi zai yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noman firi da maimai, ya yi girbi. Zai kwashe kashin kaji, ya yi tatsa, ya koyi sarrafa tarakta, ya kuma rubuta ko wane kwabo da ya shiga da wanda ya fita. Wanda ya zo da niyyar zama a ofis ƙarƙashin fanka, a nan ya kan gane ya yi ɓatan kai. A shekara ta biyar kowa ya zaɓi reshe guda ya zurfafa a ciki, ya yi wani bincike na kansa, ya rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kāre abin da ya rubuta. In ya haye, sa'an nan a ba shi digiri.

Wani zai ce, to, duk wannan wahala me ta tsinana wa talaka? Ga misali biyu. Na farko ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Kowa ya san in ya mamaye gona dawa ta kan tsumbure ko da ruwa ya wadata. Masu bincike sun gano tsabarsa ƙanana ce kamar ƙura, tushe ɗaya ya kan zubar da dubbai, tana kuwa iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Ba ta tsirowa sai ta ji wani ruwa da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sa'an nan ta tsiro ta manne wa saiwar tana tsotsonta tun kafin a ga kome a sarari. Da aka san haka, sai aka nemi shukar da saiwarta ke tā da tsabar amma ba ta ba ta wurin kamawa, aka sami auduga da waken soya. In an shuka su, ƙuduji ya tsiro, ya rasa abin tsotso, ya mutu. Watau an yi masa tarko da halinsa.

Na biyu kuturtar gyaɗa. A shekarar 1975 wannan cuta ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta lalata gyaɗa wajen hekta dubu 700, ga shi ba a daɗe da fita daga farin 1973 ba. Wannan masifa tana cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Manomi ya ga ganye ya ƙanƙance ya murɗe, amma ba shi da hanyar sanin cewa waɗansu 'yan ƙwari masu tsotson ganye su ke ɗaukar cutar daga wannan tushe zuwa wancan. Masana su suka bi sawun abin, suka nuna shuka da wuri da matse tsakanin shuka suna rage ɓarnar, suka kuma yi shekaru suna aurar da iri har suka sami gyaɗa mai jure cutar. Ire-iren da Samaru ta fitar suna ɗauke da sunanta: SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. Mai yiwuwa akwai su a rumbunan gidajenmu ba mu sani ba. Aikin kuwa ba ya ƙarewa, don a 2016 wata sabuwar tsutsa mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya, a shekarar nan kuma wani ƙwaro ya cinye tumatirin Kano da Kaduna.

Amma fa kada mai karatu ya zaci ilmi duk a gefe ɗaya ya ke. An daɗe malaman gona suna ce wa manoma su bar haɗa gero da dawa da wake a gona guda, su riƙa shuka ko wane dabam, wai haɗawar rashin wayewa ce. Manoma suka ji, suka yi shiru, suka ci gaba da abinsu. Daga 1965 wani masani mai suna David Norman, tare da abokan aikinsa na Samaru, suka shiga ƙauyukan Zariya suna auna aikin manoma da abin da su ke girba. Lissafi ya nuna gaurayen ya fi kawo amfani a fili ɗaya, ya kuma fi tsare mai gona daga hasara, gama in gero ya ƙi, dawa ta yi, in duka biyu suka gaza, ga wake. Ashe tsofaffi suna da hujja, ba su dai rubuta ta ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Saboda haka ɗalibin kirki, in ya isa ƙauye, ya kan fara da tambaya kafin ya ba da shawara.

Saura batun abin yi bayan karatu, a nan kuwa gara a faɗi gaskiya. Zamanin da ko wane mai digiri ke samun aikin gwamnati yana jiransa ya wuce. Waɗansu su kan zama malaman gona, waɗansu masu bincike, waɗansu su koyar a makarantu, waɗansu su shiga kamfanonin iri da taki da abincin kaji, ko bankunan da ke ba manoma rance. Akinwumi Adesina, wanda ya yi ministan aikin gona daga 2011 zuwa 2015, ya kuma shugabanci Bankin Raya Afirka daga 2015 zuwa 2025, da digirin tattalin arzikin noma ya fara a jami'ar Ife. Amma ba kowa zai kai can ba. Da yawa sai sun kama gona ko kiwo na kansu, su sha wuyar neman fili da jari kamar kowa. Digiri ba ya sa ruwa ya sauka, ba ya kuma rage zafin rana. Abin da ya ke yi shi ne ya rage wa mutum yin aiki da ka.

To, ina namu a ciki? Jama'ar ƙasa kullum ƙaruwa su ke yi, gona kuwa ba ta ƙaruwa, sai ma gajiya. Filin da kakanninmu su ke bari ya huta shekaru, yau ko wace damina sai an nome shi. In yara masu ƙwaƙwalwa duk suka guje wa wannan fanni, sai wanda ya rasa gurbi a likitanci ya faɗo cikinsa da baƙin rai, wa zai tsaya wa cutar da za ta zo gobe? Mu malamai muna da hannu a wannan gudu. A makarantu da yawa, yaron da ya yi laifi shi a ke miƙa wa fartanya a ce ya tafi gonar makaranta. Yaron da ya tashi yana ganin noma horo ne, yaya za a yi ya zaɓe shi a jami'a?

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, ran da aka ba mu aji, mu mai da gonar makaranta wurin gwaji. A raba fili biyu, a sa wa ɗaya taki a bar ɗaya, yara su auna da kansu, su rubuta. A tuge wake a nuna musu ƙululan nan na saiwa. A gayyato tsohon manomi na gari ya zo ya yi musu bayanin alamun damina, a kuma gaya wa mai sha'awa tun da wuri darussan da zai riƙe. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In kuwa uban yaro ya zo da tambayar nan tasa, mu ba shi wurin zama, mu ce masa, "Baba, ba a kai shi don ya raina abin da kuka sani ba, an kai shi ne don ya gano dalilinsa, ya dawo ku haɗa naku da nasa."