Yadda Ƙaramar Jam'iyya Ta Riƙa Fid da Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa a Nijar

Tsayar da ɗan takara shi ne jam'iyya ta ware mutum guda cikin ƴaƴanta ta miƙa sunansa ga jama'a a zaɓen shugaban ƙasa. A Nijar, tun daga Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ya tabbatar da tsarin jam'iyyu da yawa, har zuwa juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, doka ta bar wannan aiki a hannun jam'iyyu. Ba a tilasta wa kowa zaɓen fid da gwani ba, hukumar zaɓe ta CENI kuma ba ta zuwa taron jam'iyya don ƙirga hannuwa. Kowace jam'iyya da kundin dokokinta na cikin gida, kusan dukkansu kuma babban taro suka ba ikon tsayar da ɗan takara.

A wancan zamani, a rubuce, babban taro daga ƙauye yake farawa. Sae Sabuwa ƙaramar hukumar karkara ce, ɗaya daga cikin biyar na gundumar Gidan Rumji a jahar Maraɗi, tare da Tibiri da Cadakori da Gidan Sori da Gidan Rumji kanta. Jam'iyyar da ke son a san da ita a irin wannan wuri sai ta kafa kwamiti a ƙauyuka, da shugaba da magatakarda da ma'aji, a gefe kuma da reshen mata da na matasa. Kwamitocin ƙauyuka su haɗu su fid da ofishin ƙaramar hukuma, daga nan a hau gunduma, a hau jaha, har a kai ga kwamitin ƙoli da ke Yamai. Kowane mataki yana da adadin wakilan da zai tura babban taro. Tsanin ke nan, ko a Gazawa ko a Agye ko a unguwannin birnin Maraɗi.

Babbar jam'iyya kan cika wannan tsani da mutane. Ƙarama kuwa tana da kwamitoci na gaske a yankin da ta yi ƙarfi, galibi mahaifar shugabanta, a sauran wurare kuma sunaye ne a takarda don cika sharaɗi, tun da tsarin mulkin 2010 ya hana kafa jam'iyya a kan ƙabila ko yanki ko addini. Wakilin da ya taso daga Sae Sabuwa zuwa Yamai ba da kuɗin aljihunsa ya hau mota ba. Wanda ya biya motar da masauki da abinci da atamfar jam'iyya, sau da yawa shi ne mutumin da aka taru don a tsayar. Ranar taro za a yi jawabai, baƙi daga jam'iyyun ƙawance su yi fatan alheri, maroƙa da makaɗa su yi nasu, sannan a karanta ƙudurin da ke cewa taro ya amince da shugaban jam'iyya ya zama ɗan takara. Sai tafi da guɗa. Ba kasafai ake ajiye akwati a jefa ƙuri'a tsakanin mutum biyu ba.

Kuɗi na daga cikin dalilan haka. A zaɓen 2020 sai da kowane mai neman kujerar ya zuba miliyan 25 na sefa kuɗin ajiya, kafin a zo maganar man mota da hotuna da wakilai a rumfunan zaɓe. Kuɗin katin ƴan jam'iyya ba ya ɗaukar wannan kaya, don haka mai iya ɗauka shi ne mai takara. Bayan taro ma akwai wani siraɗin. A lokacin ana kai takardu ma'aikatar cikin gida, ita kuma ta miƙa su Kotun Tsarin Mulki, wadda ke duba ko mutum ɗan asalin Nijar ne, ko ya kai shekara 35, ko lafiyarsa ƙalau, ko babu hukuncin kotu da ya hana shi. A watan Nuwamban 2020 mutum 41 suka kai takardu, kotu ta amince da 30. Hama Amadu na jam'iyyar Lumana yana cikin waɗanda aka mayar, saboda hukuncin ɗaurin shekara guda da ke kansa, wasu kuma kuɗin ajiyar ne ya gagare su.

Wannan ba ya nufin babu gasa a cikin jam'iyyun. Gasar tana nan, sai dai ba a zauren taro ake kammala ta ba. A ƙarshen 1991 Tanja Mamadu da Mumuni Adamu Jarmakoy suka nemi shugabancin MNSD-Nasara. Da Tanja ya yi rinjaye, Jarmakoy ya fice ya kafa ANDP-Zaman Lahiya, ya tsaya takara a 1993 a ƙarƙashinta. Tun daga nan hanyar ta zama al'ada: wanda aka kayar a gida ba ya jiran wani zagaye, sabon gida yake ginawa. A 1999, bayan kisan shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, jam'iyyarsa ta RDP-Jama'a ta rabu biyu, ɓangare guda ya tsayar da Hamid Algabid, ɗayan ya tsayar da Amadu Bubakar Sise. Kotu ce ta raba gardama, ta karɓi takarar Algabid, Sise kuma ya kafa UDR-Tabbat. Ashe alƙalai suka yi wa jam'iyyar zaɓen fid da gwaninta.

Jahar Maraɗi ta ga wannan al'amari da idonta, domin jam'iyyu uku da suka nemi ƙuri'ar mutanenta daga tsatso guda suka fito. CDS-Rahama ta Mahaman Usman, wanda ya ci zaɓen 1993, tana da ƙarfi a Damagaram da Maraɗi. A watan Janairun 2004 Shefu Amadu, haifaffen Kornaka, wanda ya yi firaminista a gwamnatin riƙon ƙwarya daga 1991 zuwa 1993, ya balle daga CDS ya kafa RSD-Gaskiya. Ba a yi wata goma sha ɗaya ba ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Ba wanda ya tambayi wa RSD za ta tsayar, tun da don takarar tasa aka kafa ta. Shekaru bayan haka abin da ya yi wa CDS aka yi masa: Kasum Muktar, wanda ya zama magajin garin Maraɗi a ƙarƙashin RSD, ya fice ya kafa CPR-Inganci kafin zaɓen 2016. Ita kanta CDS rikici ya ɓarke mata tsakanin Mahaman Usman da Abdu Labo, jigonta na Maraɗi, aka yi ta hawa da sauka a kotuna, har jam'iyyar ta koma hannun Labo. Mahaman Usman, tsohon shugaban ƙasa sukutum, sai da ya ari tutar wata ƙaramar jam'iyya, MNRD-Hankuri, ya shiga zaɓen 2016.

Saboda haka mai jefa ƙuri'a a Sae Sabuwa ya tarar da Shefu Amadu da Kasum Muktar da Abdu Labo cikin ƴan takara 15 na waccan shekara, ga kuma Mahaman Usman. Da a jam'iyya guda suka zauna, zaɓen cikin gida ne zai tace su. Da yake sun rarrabu, sai aikin tacewar ya koma kan talakawa ranar zaɓen gama-gari. Cikin ƴan Maraɗin uku babu wanda ya kai kashi 3 cikin ɗari.

To me ya sa mutum zai zuba miliyoyi a takarar da ya san ba zai ci ba? Amsar tana cikin tsarin zaɓen. A Nijar ta kafin juyin mulkin 2023 sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u yake cin zaɓe, in ba haka ba mutum biyu na gaba su koma zagaye na biyu. Zagayen farko kamar awon hatsi ne a kasuwa: kowa ya zube nasa a gaban jama'a a ga tiya nawa ya kawo, sannan a shiga ciniki. An ga amfanin haka tun 1993. Tanja ne ya zo na ɗaya da kimanin kashi 34, Mahaman Usman na biye da kusan kashi 27, amma da Mahamadu Isufu da Jarmakoy, masu kashi 15 da ɗoriya kowannensu, suka mara wa Usman baya a ƙawancen AFC, sai ya haye da kashi 54. A 2004 Shefu Amadu ya samu kashi 6 da ɗoriya, ya zo na huɗu, jam'iyyarsa ta ci kujeru 7 a majalisar dokoki. Ya goyi bayan Tanja a zagaye na biyu, daga baya aka ba shi shugabancin majalisar ba da shawara kan tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, wato CESOC. A 2011 ya samu kashi 4, ya koma bayan Isufu, ya zama mai shiga tsakani na ƙasa. Kasum Muktar ma bayan zaɓen 2016 ministan matasa da wasanni ya zama. Bayan zagayen farko na zaɓen 2020 Saini Umaru da Albade Abuba, waɗanda su ma rabuwar MNSD ce ta sa kowa ya tsaya da tutarsa, suka mara wa Bazum Muhammad na PNDS-Tarayya baya, Saini ya zama shugaban majalisar dokoki.

Jahar da ƙidayar 2012 ta ba mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 ba a raina ƙuri'arta a irin wannan ciniki, shi ya sa ƙaramar jam'iyyar da ta riƙe ko da ƴan gundumomi a Maraɗi ta kasance da bakin magana a Yamai. A nan ne ƙimar ɗan kwamitin ƙauye take. Ba shi ya zaɓi ɗan takara ba, amma ƙuri'un da ya tara a rumfarsa su ne jarin da shugabansa zai je da shi teburin ƙawance. Inda ya fi samun ta cewa shi ne jerin sunayen ƴan takarar kansila da na majalisar dokoki, tun da aka fara zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yulin 2004. Da yake gwargwadon ƙuri'un jam'iyya ake raba kujeru, wanda sunansa ke saman jeri shi ke da tabbas, kuma rigimar wa zai hau sama ta fi ta takarar shugaban ƙasa zafi nesa ba kusa ba.

A ƙetaren iyaka doka ta fi shiga tsakani. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta wajabta wa jam'iyyu fid da ɗan takara ta ɗayan hanyoyi uku: ƴan jam'iyya duka su zaɓa, ko wakilai su zaɓa, ko a yi sulhu, hukumar INEC kuma tana sa ido. Duk da haka ƙananan jam'iyyu ba su yi nisa da na Nijar ba. A 2022 Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu takarar NNPP ba tare da abokin karawa ba, Peter Obi kuma ya samu ta jam'iyyar Labour a Asaba bayan manyan masu nema sun janye masa, kwanaki kaɗan da barinsa PDP. A Amurka ne ake samun ƙaramar jam'iyya mai gasa ta gaske a zauren taro. Jam'iyyar Libertarian tana yin zaɓen share fage a wasu jihohi, amma sakamakon ba ya ɗaure wakilai, kuma a taronta na watan Mayun 2024 sai da aka kaɗa ƙuri'a zagaye bakwai kafin Chase Oliver ya fita. Bambancin shi ne waccan jam'iyya ba don ƴan takararta aka kafa ta ba, kuma ba ɗayansu ke ciyar da ita ba.

Tsarin na Nijar yana da abin yabo, domin ya buɗe wa kowa ƙofa, ya kuma tilasta wa manyan jam'iyyu zama da ƙanana. Aibinsa ya fi bayyana. Jam'iyyar da aka gina a kan mutum guda ba ta da hanyar sauya shi cikin ruwan sanyi, matashi mai buri kuma sai ya fice kafin ya samu wuri, har yawan jam'iyyu ya haura 150. Manya ma ba su tsira ba: PNDS-Tarayya ta tsayar da Bazum a babban taron ƙarshen Maris na 2019 ba tare da wani ya kara da shi a akwati ba.

Bayan juyin mulkin 2023 majalisar soja ta CNSP ta dakatar da ayyukan jam'iyyu, a watan Afrilun 2024 kuma ta rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, ta naɗa kantomomi a madadinsu. Taron ƙasa na watan Fabrairun 2025 ya ba da shawarar a rusa jam'iyyun gaba ɗaya a sake musu sabuwar doka. Ranar 26 ga Maris na 2025, da aka rantsar da Janar Abdurahaman Ciyani shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar, ya sa hannu a dokar da ta rusa su.