Hip-hop: Waƙa ce ko Surutu?

Masu nazarin tarihin hip-hop sukan fara ƙidaya daga ranar 11 ga watan Agusta, 1973, lokacin da wani saurayi haifaffen Jamaika, mai laƙabin DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a wani bikin rawa a unguwar Bronx ta birnin New York. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, ganguna kaɗai ke tashi. Sai ya riƙa ɗora faifai biyu iri ɗaya a kan garmaho biyu, in gaɓar ta ƙare a wannan ya tada ta a wancan. A kan wannan kiɗa ne samari suka riƙa jefa magana, suna kirari, suna zuga masu rawa. Wannan magana mai tafiya da kiɗa ita ake kira rap.

A 1979 ƙungiyar Sugarhill Gang ta fitar da "Rapper's Delight", wadda ta kai rap kunnen duniya. Zuwa 2017 hip-hop, haɗe da R&B, ya zarce kiɗan rock wajen yawan saurare a Amurka. Har a Yamai ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskia da Wass Wong sun yi rap da Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

Sai dai farin jini daban, daraja daban. Tun farko masu suka sun zo da ƙorafi iri biyu, kuma sau da yawa akan cuɗanya su. Na farko ya shafi fasaha: sun ce mai rap ba ya rera komai, magana kawai yake yi, kiɗan ma gutsuro shi aka yi daga faifan wasu. Na biyu ya shafi tarbiyya: batsa, yabon bindiga da cin mutuncin mata. Kada a ɗauka fararen fata ne kaɗai suka yi wannan suka. C. Delores Tucker, baƙar fata kuma tsohuwar mai fafutukar ƴancin baƙaƙe, tana cikin waɗanda suka fi yaƙar irin waɗannan waƙoƙi tun daga 1993.

Inda ƙorafin biyu suka yi karo shi ne kotu. A dokar Amurka ba a hana wani aiki da sunan batsa sai an nuna cewa ba shi da wata daraja ta adabi, ko fasaha, ko siyasa, ko kimiyya. Don haka da aka kai batun kundin ƙungiyar 2 Live Crew gaban alƙali Jose Gonzalez a jihar Florida a 1990, dole ya amsa tambayar nan: rap fasaha ce? Ya yanke cewa kundin batsa ne. A shekarar aka gurfanar da mawaƙan saboda wani wasa da suka yi, sai masanin adabi Henry Louis Gates Jr. ya ba da shaida cewa abin da suke yi ya samo asali daga tsohuwar al'adar baƙaƙen Amurka ta ba'a da zuzuta magana. Aka sallame su. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Gonzalez, domin masu zargin batsa ba su kawo masa wata hujja ba face faifan kansa, kuma kunnen alƙali kaɗai bai isa ya auna darajar fasaha ba. A gaskiya kundin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shari'ar ta raba tambayoyin biyu.

To, ina fasahar take? Ɗalibin harshe ya fi kowa damar ganinta, tunda kayan aikin mai rap harshe ne. Kiɗan yawanci bugu huɗu ne da ke maimaituwa. Mawaƙi na iya cusa gaɓoɓi da yawa tsakanin bugu da bugu, ko ya sassauta, ko ya bar jimla ta tsallaka zuwa layi na gaba. Masu rap na farko sukan ajiye amsa-amo a ƙarshen layi kawai. Rakim, wanda kundinsa da Eric B. mai suna "Paid in Full" ya fito a 1987, ya shahara da dasa shi a tsakiyar layi, da haɗa amon gaɓoɓi biyu ko uku lokaci guda. Wanda ya nazarci kari da amsa-amo a waƙar Hausa, ya kuma san zambo da habaici, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Zai kuma san cewa waƙa na iya yin kyan tsari alhali jigonta ƙazami ne.

A 2018 aka ba Kendrick Lamar kyautar Pulitzer ta kiɗa saboda kundinsa "DAMN.", karo na farko da aka ba wani aiki da ba jazz ba, ba kuma kiɗan ƙwararru na gadon Turai ba. Wannan bai rufe bakin masu suka ba. A shekarar ce makaɗin jazz Wynton Marsalis, wanda shi ma ya ci kyautar a 1997, ya ce a ganinsa ɓarnar da kalmomin rap ke yi wa baƙaƙen Amurka ta fi ta mutum-mutumin Robert E. Lee, janar ɗin da ya jagoranci sojojin jihohin Kudu masu kare bauta.