Na'urar Sauraron Waƙa ta Aljihu: Da Igiya ko Ba Igiya?

Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida, wani abokina ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo min. "Riƙe ka ji nauyinta," in ji shi. Girmanta bai wuce na sabulun wanka ba, amma da na karɓa sai na ji ta cika hannu, jikinta ƙarfe ne mai sanyi, ga wani ɗan maɓalli a sama da ake murɗawa kamar na tsohuwar rediyo. Ba a kira da ita, ba a ɗaukar hoto. Aikinta ɗaya ne, fitar da sauti. Da ya faɗi kuɗin da ya biya sai da na sake kallon fuskarsa, don sun isa a sayi babur na hannu.

Na ce to bari mu ji. Sai ya sake laluba aljihu ya fito da ɗan akwatin iyafis marar igiya, ya haɗa su ta Bluetooth, ya ba ni. Na ce, "Malam, ai ka sayi ingarman doki ka ɗaure a turke, ka hau jaki." Bai ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ce, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Sauraron waƙa ana tafe ba sabon abu ba ne. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman a watan Yulin 1979, mai cin kaset. A watan Oktoban 2001 Apple ya kawo iPod, wanda ke ɗaukar waƙa dubu ɗaya, abin da a lokacin ya zama abin mamaki. Daga baya wayar hannu ta haɗiye su duka, har Apple ya daina ƙera iPod a 2022. Amma na'urar ba ta mutu ba, komawa ta yi hannun masu son sauti tsantsa, waɗanda ba su yarda da abin da wayar ke ba kunnensu ba. Astell&Kern na Koriya ta Kudu ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2012, sannan kamfanonin Sin irin su FiiO da Shanling da HiBy da iBasso suka shigo da nasu masu sauƙin kuɗi, Sony kuma ya ci gaba da amfani da sunan Walkman.

Me ake saye da waɗannan kuɗin? Abu biyu ne a cikin cikinta. Waƙar da ke katin memori ba sauti ba ce, lambobi ne zalla. Sai an sami abin da zai mayar da lambobin nan su zama kaɗawar lantarki, shi ne ake kira DAC. Bayan shi akwai amfilifaya, mai ƙara wa kaɗawar ƙarfi har ta iya motsa 'yar fatar da ke cikin iyafis ko hedifon. Wayarka ma tana da su, sai dai 'yan mitsi-mitsi ne, an cusa su a lungu tsakanin batir da kyamara da na'urar kama sabis. A na'urar waƙa kuwa su ne masu gida, komai don su aka gina shi. Nauyin nan da abokina ke alfahari da shi, nasu ne da na batirin da ke ciyar da su.

To a nan ne maganar Bluetooth take shigowa. Idan ka haɗa na'urar da iyafis marar igiya, waƙar ba ta bi ta cikin DAC ɗin nan mai tsada ba, ba ta kuma bi ta amfilifayar ba. Na'urar matse lambobin take yi ta cilla su ta iska, ɗan ƙaramin DAC da ke cikin iyafis ɗin, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, shi ne zai yi aikin. Wato duk abin da ka biya kuɗi dominsa yana zaune ne yana hutawa. Sautin da za ka ji kusan shi ne wanda wayarka za ta ba ka da wannan iyafis ɗin.

Matsewar ma ba kyauta ba ce. Sautin faifan CD yana tafiya ne a kan kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Hanyar Bluetooth ba ta da wannan faɗin, don haka dole a rage kaya kafin a wuce. Tsarin matsewa na gama-gari da kowace na'ura ke da shi, SBC, yakan tsaya wajen kilobit 328. AAC, wanda iPhone ke amfani da shi, wajen 256 ne. aptX yana ba da 352, babban wansa aptX HD 576. LDAC na Sony shi ne ya fi suna, yana kaiwa 990, kuma tun 2017 aka saka shi cikin Android. Sai dai 990 ɗin nan sai wuri ya yi shiru da sauran na'urori. Idan ka shiga kasuwa ko tasha inda kowa ke da waya a hannu, yakan sauko 660 ko 330 don kada sautin ya riƙa yankewa. Kuma dole ɓangarorin biyu su san yare ɗaya. Na'urarka ta iya LDAC, iyafis ɗinka bai iya ba, sai su koma wani tsarin da dukansu suka sani, kamar SBC, ba tare da sun sanar da kai ba. Akwai wani sabon tsari na Qualcomm da ake kira aptX Lossless da ke iya ɗauko sautin CD bai zubar ba, amma na'urorin da ke da shi ta ɓangarori biyun ba su yawaita ba tukuna. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Apple da kansa, da ya fara ba da waƙoƙi marasa matsewa a 2021, ya bayyana cewa ba za a same su a cike ta Bluetooth ba.

Kada a ce na tsani marar igiya. Ni ma ina da shi, kuma shi na fi sakawa. Duk wanda igiyar iyafis ta taɓa maƙale masa a hannun ƙofar mota ta fizge masa kunne, ko ta cukurkuɗe da carbi da makulli a aljihun babbar riga, ya san darajar rashin igiya. Mai ɗinki, mai tuya, mai motsa jiki da safe, duk igiya cikas ce gare su. Sannan a cikin mota, da ƙarar inji da ta taya da ta mai tallan magani, wa zai bambance kilobit 328 da 1,411? Babu. A irin wannan wuri iyafis marar igiya mai toshe hayaniya ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin hayaniyar ce ke cinye sautin, ba matsewa ba. Abin da nake cewa kawai, wannan aikin wayarka ta iya shi. Ba sai an sayi wata na'ura ta daban ba.

Marar igiya yana da nasa harajin kuma. Abu ne na uku da ke neman caji a ƙasar da wuta ke zuwa idan ta ga dama. Batirin da ke cikinsa manne yake, galibi ba a canza shi, idan ya gaji bayan 'yan shekaru sai dai a jefar da iyafis ɗin gaba ɗaya, alhali hedifon mai igiya na kirki yana iya shekara goma. Ga jinkiri, ka ga bakin ɗan wasa ya motsa a fim kafin maganar ta iso. Ga ɓacewar ɓari ɗaya, wadda ba sai na yi bayani ba.

Akwai wani amfani na Bluetooth da yake da ma'ana, shi ne idan aka juya hanyar. Wasu na'urorin suna iya karɓar sauti daga waya ta iska, sannan su fitar da shi ta igiya zuwa hedifon. A nan DAC da amfilifayar suna aiki, ko da yake matsewar tana nan. Sai kuma Wi-Fi, wanda mutane ke haɗawa da Bluetooth a magana alhali ba ɗaya ba ne. Wi-Fi hanya ce mai faɗi, tana kawo waƙa daga manhajoji irin su Tidal ko Qobuz ko Apple Music a cike. Matsalarsa data ce. Awa ɗaya ta sautin CD da ba a taɓa ba ta haura megabait 600. Ko an naɗe shi a tsarin FLAC, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai ba, zai ci wajen rabin haka ko fiye. MP3 mai kilobit 128 kuwa bai kai megabait 60 a awa ba. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa sai ya yi lissafi. Na'urorin da ke da Wi-Fi kuma yawanci Android ke tafiyar da su, ga shan batir, ga shi bayan wasu shekaru manhajojin su daina yarda da tsohon tsarin, ka zauna da lafiyayyen ƙarfe mai tsohuwar ƙwaƙwalwa. Wadda ba ta san komai ba sai katin memori ba ruwanta da wannan tsufan.

Idan aka jera na'urorin, bambancin a bayyane yake. Ƙaramin Walkman na Sony, NW-A306 na 2023, ba nauyi, gram 113, batirinsa na jimawa, amma ba shi da ƙarfin tura manyan hedifon masu cin wuta. Na Sin sun fi ba da ƙarfi a kan kuɗi kaɗan, da yawansu da rami na biyu mai faɗin milimita 4.4 ban da na 3.5 da muka saba, sai dai batirinsu ya fi saurin ƙarewa, wasu har ɗumi suke yi a aljihu. Can sama kuma akwai irin su NW-WM1ZM2 na Sony, jikin tagulla da aka shafe da zinare, kusan rabin kilo, kuɗinsa ya haura dala 3,000. A ganina daga wani mataki zuwa sama ba sauti ake saye ba, ado ne. Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma yana raguwa da shekaru. Ma'aunin CD an tsara shi ne ya ɗauke wannan iyakar duka. Mawaƙin nan Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 daga jama'a a 2014 don ƙera na'urarsa Pono, da alkawarin sautin da ya wuce na CD. Zuwa 2017 an rufe shagon da ke sayar da waƙoƙinta.

Sai abin da ya fi shafarmu, wanda masu sayarwa ba sa faɗa. Me za ka zuba a cikinta? Waƙoƙin da ke yawo a wayoyinmu, waɗanda aka tura a shagon masu turi, aka bi da su ta Xender, wasu an ciro su daga bidiyo an sake matsewa, sun riga sun zubar da abin da za su zubar tun kafin su iso gare ka. Tsofaffin waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, da yawa daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin kwafi. Na'ura mai tsada ba za ta dawo da amon kalangun da ya ɓace ba. Abin da za ta yi shi ne ta fito maka da shuuu ɗin kaset ɗin tar a kunne. Mai sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi da labarai kuwa, murya ɗaya ce, ba ta buƙatar wannan ɗawainiya.

Don haka ga yadda zan jera kuɗin idan nawa ne. Iyafis ko hedifon na kirki tukuna, domin shi ne ya fi komai canza abin da kunne ke ji. Sai waƙoƙi masu tsabta. Idan wayarka ba ta da ramin iyafis, kamar yadda aka fara yayi tun iPhone 7 a 2016, akwai 'yar guntuwar igiya mai DAC a ciki da ake soka wa a ramin caji, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na na'urar ba, kuma ga yawancin kunnuwa ta wadatar. Kowanne ka zaɓa, a rage ƙara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro.

Na'urar waƙa ta musamman ta mai zama ne a ɗaki shiru, da hedifon mai igiya, da tarin waƙoƙin FLAC a kati, wanda kuma ba ya son kira ko saƙo ya katse masa sauraro. Idan kai ne wannan, saya, kuma kada ka ƙara ko sisi don Bluetooth. Idan kuwa ka san da marar igiya za ka riƙa ji, riƙe wayarka, ka zuba kuɗin a iyafis. Abokina dai bayan sati biyu ya je kasuwar waya ya sayo mai igiya.