Hatsi Da Kunun Jariri

Ba gidan da ba a ɗora tukunyar hatsi a ƙasarmu. Da safe mu sha koko ko kunu. Da rana mu dama fura. Da dare mu ci tuwo. Ran kasuwa ga waina, ga dambu. In mun duba, duk waɗannan uwarsu ɗaya ce, watau hatsi. Shi ya sa in rumbu ya cika, hankalin kowa ya kan kwanta.

To, amma akwai wani abin mamaki. Sau da yawa mu kan ga gida, rumbu cike da gero, manya duka lafiya lau, ga kuwa yaro ɗan wata goma ya rame, sai kai da ciki. Abinci bai yanke a gidan ba. Me ya sami yaron? Amsar wannan tambaya ita ce karatunmu na yau.

Hatsin da mu ke ci

Hatsinmu iri iri ne. Akwai gero da maiwa da dawa, akwai masara da shinkafa da acca da alkama.

Gero ɗan ƙasa ne. Masu binciken tarihi sun sami alamar nomansa a ƙasar Mali tun wajen shekara 4,500 da suka wuce. Dawa kuma an fara nomanta can wajen Sudan. Masara ce baƙuwa. Asalinta daga Amurka ne, ba ta iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492, sa'ad da jiragen ruwan Turawa suka fara zuwa can.

Kada mu raina gero don na gida ne. Yana jure fari, yana yi a jigawa inda masara ba ta yi. Ya kuma fi farar shinkafa abin da ke ƙara jini. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 don girmama gero da danginsa.

Aikin hatsi a jiki

Jikin mutum yana bukatar abinci iri 3.

Na ɗaya, mai ba da ƙarfi. Shi ne kamar itacen da a ke iza wa wuta. Hatsi da rogo da dankali da mai suna cikin wannan.

Na biyu, mai gina jiki. Shi ne kamar tubalin da a ke ta da ɗaki. Wake da gyaɗa da waken soya da nono da ƙwai da kifi da nama suna cikin wannan.

Na uku, mai tsare jiki daga cuta. Shi ne kamar dangar da ke kare gona. Zogale da alayyafo da kuka da kabewa da gwanda da mangwaro da manja suna cikin wannan.

Hatsi babban aikinsa ba da ƙarfi. Yana da abin gina jiki, amma kaɗan ne, bai kuma cika ba. In an gama shi da wake ko gyaɗa, sai wannan ya cike abin da wancan ya rasa.

Kakanninmu sun gane haka tun ba su san karatun likita ba. Ba su cin tuwo gaya. Sai da miya, a sa daddawa, a sa kuka, a sa mai. Fura kuma sai da nono. Babba yana samun iri ukun nan cikin akushi ɗaya. Amma jariri fa? Mu kan ba shi koko zalla. Koko zalla kuwa daidai ya ke da tuwo ba miya.

Yaushe za a fara ba yaro kunu?

Daga ran haihuwa har yaro ya cika wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba koko, ba kunu, ba ko ruwa. Wannan ita ce shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a shekarar 2001. Ko da zafin bazara ne, kada a ji tsoron ƙishirwa, gama kusan kashi 9 cikin 10 na nonon uwa ruwa ne, mai tsabta kuwa. Yaron da aka yi saurin ba shi koko ya kan rage shan nono, ya kan kuma kamu da zawo.

Da ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya isarsa kuma. Sai a fara ba shi kunu. Kada a makara. Kada kuma a janye nono. A ci gaba da ba shi har shekara 2, ko fiye.

Laifin kunu tsararo

Ku tuna yadda mu ke yin kamu. A jiƙa hatsi, a niƙa, a tace, a ba dabbobi dusa. Abin da ya kwanta a ƙasan ƙwarya kusan duk gasara ce. Sa'an nan mu ɗebi kaɗan, mu dama da ruwa mai yawa, don yaro ya sha ba wuya. Abin da ya shiga cikinsa galibi ruwa ne.

Cikin jariri kuwa ƙarami ne. Na ɗan wata 6 bai fi kofi guda ba. In ruwa ya cika shi, ina abinci zai zauna? Yaro ya yi gyatsa, ya yi barci, uwa ta ce ya ƙoshi. Cikinsa ya cika, amma jikinsa na jin yunwa.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A shekarar 1933 wata likita, sunanta Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Ghana. Ta lura da waɗansu yara masu kumburin ƙafa da ɗayewar fata. Da ta bincika, sai ta tarar abincinsu kokon masara ne kurum. Mutanen Akara suna kiran cutar kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane, an ture shi daga nono. Da wannan suna likitocin duniya suka san ta har yau.

Saboda haka kunun yaro ya zama mai kauri. Ga yadda za ku gwada. Ku ɗebo da cokali, ku karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya a cokali, yana gangarowa sannu sannu, ya yi.

Yadda a ke haɗa garin kunu

Ga wani haɗi da ma'aikatan lafiya su ke koya wa mata. A asibiti za ku ji ana ce masa Tom Brown. Kayansa duk na gona ne:

Hatsi, gwangwani 6. Gero ko dawa ko masara, ko a gauraya su.
Waken soya, gwangwani 3.
Gyaɗa, gwangwani 1.

A tsince kowanne, a fid da tsakuwa da ruɓaɓɓe. A wanke hatsi, a shanya. Waken soya a jiƙa shi, a murje ɓawon, a tafasa, a shanya ya bushe ƙarau. A soya kowanne dabam a kasko, ba mai, har ya yi ƙamshi, kada ya ƙone. Sa'an nan a haɗa, a niƙa, a tankaɗe. A zuba cikin mazubi mai murfi, a ajiye inda ba laima. Kada a niƙa da yawa, gama garin da ke da gyaɗa ba ya jimawa.

In za a dama, a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa bisa wuta har ya dahu sosai.

Wanda ba shi da waken soya, kada ya ce shi ke nan. Ko wane gida yana da abin da zai ƙara wa kunu. Yau a sa cokali guda na niƙaƙƙiyar gyaɗa. Gobe a fasa ƙwai a ciki, a bari ya dahu. Jibi a sa dafaffen wake da aka murje. Wata rana garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko garin zogale, ko dafaffiyar kabewa. Ɗan ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa yana ƙara wa kunu ƙarfi, yana kuma sa shi santsin haɗiya.

Waɗansu sun ce in yaro ya ci ƙwai zai tashi da sata. Wannan camfi ne. Ƙwai yana cikin abincin da ya fi gina jikin yaro.

Abu 2 kada a ba jariri. Kada a ba shi zuma sai ya cika shekara 1, gama wani lokaci tana ɗauke da cutar da hanjin jariri ba ya iya kashewa. Kada kuma a ba shi gyaɗa ƙwaya ƙwaya, don kada ta shaƙe shi. Sukari da gishiri kuwa, a taƙaita.

Sau nawa, kuma yaya?

Ran farko a fara da cokali 2 ko 3. In ya tofar, ba ƙi ya yi ba, koyo ya ke yi. Gobe a sake.

Daga wata 6 zuwa 8, a ba shi sau 2 ko 3 a yini. A riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi.

Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4. A tsakani a ba shi ayaba ko gwanda. In ya shekara, ya iya cin tuwo mai laushi da miyar gida, in ba yaji.

A zuba masa nasa a ƙoƙonsa, don a ga abin da ya ci. In an haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma 2 sun share.

Kada a yi masa ɗura. Mu kan ga an kwantar da yaro a cinya, an toshe masa hanci, ana kwarara masa koko. Kokon nan ya kan bi hanyar numfashi ya shiga huhu. Daga nan sai ciwon haƙarƙari, wani ma nan take ya shaƙe. A zaunar da shi, a ba shi da cokali, ana yi masa wasa. Sannu ba ta hana zuwa.

In yaro ba shi da lafiya, kada a daina ba shi abinci. A ba shi kaɗan kaɗan, sau da yawa, a yawaita nono. In ya warke, a ƙara masa ci ɗaya kullum har ya mai da jikinsa.

Tsabta

Uwa ta wanke hannu da sabulu kafin ta dama kunu, ta wanke na yaron kuma. Ƙoƙo da cokali sun fi bulumboti, don bulumboti yana da wuyar wankewa. Kunun da ya yi awa 2 a ajiye, kada a ba yaro sai an sake tafasa shi. A rufe shi saboda ƙuda.

Mu lura da hatsin kansa. Masara ko gyaɗar da aka ajiye ba ta bushe ba ta kan yi fumfuna. Fumfunar nan tana da dafi mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. A shekarar 2004 mutum 125 suka mutu a ƙasar Kenya saboda cin irin wannan masara. Don haka a bar amfanin gona ya bushe sarai kafin a sa a rumbu. Ƙwayar da ta canza launi, ko ta yi ɗaci, a zubar.

Alamun tamowa

In kun ga yaro ya daina ƙara nauyi, ko damtsensa ya sirance, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya daina wasa sai kuka, to, ku kai shi asibiti ran nan. Kada ku jira kasuwa ta zagayo. Can za a auna damtsensa da wani ɗan ma'auni mai launi 3. Kore lafiya. Ɗorawa gargaɗi. Ja haɗari. Tamowa tana warkewa in an je da wuri.

Magana ga magidanta

Wannan karatu ba na mata kaɗai ba ne. Mabuɗin rumbu yana hannun maigida. Da kaka mu kan kwashe gyaɗa da wake mu kai kasuwa, mu bar gero kurum a gida. Ƙwan zabi ma sai a tara wa mai saye. Sa'an nan damina ta faɗi, abinci ya yi tsada, zazzaɓi da zawo su yawaita. Lokacin nan ne tamowa ta fi kama yara.

A ce ga maƙwabta biyu. Ɗaya ya sayar da gyaɗarsa duka. Ɗaya ya rage tiya kaɗan, ya ce, "Uwargida, wannan ta kunun yaro ce, kada a taɓa." Na farko ya fi kuɗi da kaka. Amma in yaronsa ya kwanta da damina, kuɗin mota da na magani sun fi kuɗin gyaɗar nan, ga kuma noma ya tsaya. Riga-kafi ya fi magani.

Kada mu manta da uwar ma. Mai shayarwa tana ci ne domin mutum biyu. A ƙara mata tuwo, a kyautata mata miya.

Abin da za mu riƙe ke nan. Nono zalla har wata 6. Daga nan kunu mai kauri, ba shi kaɗai ba, da abin gina jiki a ciki. Nono kuma har shekara 2. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa mutanen gidansa da dare.

Tambayoyi

1. Abinci iri nawa jiki ya ke bukata? Ku faɗi misalin kowanne.
2. Wata nawa yaro zai yi kafin a fara ba shi kunu?
3. Yaya za ku gane kunu ya yi kauri daidai?
4. Ku rubuta abu 3 da ke gidanku waɗanda za a iya ƙara wa kunun yaro.
5. Don me aka hana ɗura?