Darasin ɓeraye game da hawan jini

Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka mai zuba sinadarai cikin jini. Ɗaya daga cikinsu shi ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. A shekarar 1943, a Kanada, likita Hans Selye ya yi wa ɓeraye allurar irin wannan sinadari, ya shayar da su ruwan gishiri. Jininsu ya hau, ƙodarsu ta lalace.

Jama'ar Madarunfa, mu yi hattara da gishiri da magi a miya. Hawan jini ba ya sallama. Kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokali. A je asibiti a auna jini. In ya kai 14 bisa 9, a bi maganar likita.